Lalle Kafin Ya Zama Gari: Tarihin Itacen da Muka Manta da Furensa

Idan aka ce "lalle", abin da ke fara faɗo maka a rai bai wuce ɗayan biyu ba: ko dai koren gari ƙulle a leda a kasuwa, ko kuwa tafin hannun amarya ranar ƙunshi. Da wuya hankalinka ya kai ga itace mai rai. Alhali kuwa lalle ɗan itace ne mai yawan rassa, wanda kan kai tsayin mita biyu zuwa shida in an ƙyale shi, kuma yana yin fure. Furannin ƙanana ne, farare, wasu da ɗan ja, suna fitowa cunkus a ƙarshen reshe. Ƙamshinsu da almuru kuwa har maƙwabta sai sun shaida. A Masar da Indiya akwai masu shuka shi a lambu don ado da wannan ƙamshi, su yi shinge da shi, su tatsi turare daga furen.

A nan ƙasar Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa, wurinsa shi ne bayan ɗaki ko gefen danga a tsofaffin gidaje. Tsohuwa ce ta san wanda ya dasa shi, ita ce kuma ke zage ganyen in biki ya matso. Yanzu da gidajen siminti suka yawaita, tsakar gida ta koma daɓe, yara da yawa sun tashi ba su taɓa ganin itacen ba. Wannan rashin sani ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ya ba wani sinadarin rina gashi damar ɗaukar sunan lalle ya shiga hannun 'ya'yanmu. Za mu zo kan wannan. Amma bari mu fara da yadda itacen ya iso mu.

Daga bakin Nilu zuwa bakin Kwara

Lalle tsohon abokin ɗan Adam ne. A shekarar 1976 aka ɗauki gawar Fir'auna Ramsis na biyu daga Alƙahira zuwa birnin Faris don a magance wani ruɓewa da ta fara. Masanan da suka duba gashin kansa sun tarar an rina shi da lalle. Mutumin nan fa ya mutu wajen shekara 1,200 kafin Miladiyya. A ƙarni na farko na Miladiyya, wani likita Bagirke mai suna Diyoskoridis ya rubuta bayanin itacen a littafinsa na magunguna, ya ce mafi kyawunsa yana fitowa ne a Askalan ta Falasɗinu da Kanobus ta Masar. Abin lura, bai tsaya ga ganyen ba, har da man ƙamshin da ake haɗawa da furen ya kawo. Larabawa ma sun raba wa abin suna biyu: *hinna* ga ganye da rininsa, *fagiya* ga furen. Littattafan hadisi sun kawo cewa Sayyidina Abubakar yakan rina gemunsa da lalle haɗe da wani tsiro da ake kira *katam*, a Littafi Mai Tsarki kuma Waƙar Waƙoƙi ta ambaci furensa a gonakin inabin En Gedi. Ka ga ke nan tun can da, mutane da hanci suka san shi, ba da ido kaɗai ba.

To yaya aka yi ya ƙetaro Sahara? Shaida mafi tsufa a rubuce ta fito ne daga Al-Bakri, malamin Andalus da ya kammala littafinsa na hanyoyi da masarautu a 1068. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Sudan ba, daga bakin fatake da rubutun magabata ya tattara. Da yake bayanin Audagust, wani birnin kasuwanci da kufansa ke kudancin Muritaniya a yau, ya lissafa dabino da alkamar da ake ba ruwa da guga, da 'yan itatuwan ɓaure da inabi, sannan ya ce akwai gonakin lalle masu yawan amfani. Gonaki fa ya ce. Wato kusan shekara dubu da suka wuce, noma shi ake yi a Afirka ta Yamma, ba jiran ayari ya kawo garinsa daga Masar ake yi ba.

Shaida ta biyu tana bakinka, ita ce kalmar kanta. Da a ce daga Larabawa kai tsaye Hausawa suka karɓi tsiron, da sunan da muke kiransa ya yi kama da *hinna*, kamar yadda Waswahili na gabashin Afirka ke cewa *hina*. Amma mu "lalle" muke cewa, Barebari su ce *nalle*, Nufawa *lali*, Yarabawa *laali*. Masana harshe sun danganta waɗannan duka da *anella*, sunansa a harshen Buzaye. Can yamma kuwa dangin sunan daban ne: Wolof na Senigal suna cewa *fudden*, Bambara na Mali su ce *jabi*. Wannan ya nuna ba ta ƙofa ɗaya lalle ya shigo yankin ba, kuma ƙofarmu ita ce ta Azbin, hanyar da gishiri ya biyo. Tarihin Kano da aka rubuta ya ce a zamanin Sarki Yakubu, wajen 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Daga Hausawa kuma sai kalmar ta gangara kudu a bakin fatake, ta zama *lali* da *laali*. Kalma takan riƙe sawun tafiyar da takarda ba ta rubuta ba.

Ƙasar Zuru tana tsakanin Zamfara da Yawuri ne, yankin da fataken goro ke ratsawa in za su ƙetare Kwara su nufi Gwanja. Kuma a ƙetaren Kwaran nan ne muka sami ɗaya daga cikin hotunan lalle mafi daɗin karantawa. A 1826, Bature Hugh Clapperton da baransa Richard Lander sun yada zango a Wawa ta ƙasar Bargu, kusa da Busa, a hanyarsu ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Can suka gamu da wata hamshaƙiyar bazawara mai suna Zuma, 'yar wani Balarabe, mai dukiya da bayi, wadda ta ƙudura sai ta auri ɗayansu. Abin da suka rubuta game da kwalliyarta shi ne gashi rine da baba, hannu da ƙafa jawur da lalle. Auren dai bai yiwu ba, Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, amma ta bar mana shaidar cewa shekara ɗari biyu da suka wuce lalle ya riga ya zama adon manyan mata a wannan kwari.

Yadda ya shiga cikin aure kuwa, Baba ta Karo ta ba da labarinsa filla-filla. Ita ce tsohuwar da ta zauna da Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. A bakinta za ka ji yadda amarya ke gudu ta ɓuya, a kamo ta a shafa mata lalle, ta yi kwanaki a cikinsa. Shi ma ango ba ya tsira. A wancan zamani babu zanen fulawa, hannu ake cusawa cikin zunguru, wato dogon ƙwarya, ƙafa kuma a naɗe ta da ganye da tsumma. Daga wannan naɗi kalmar "ƙunshi" ta samo asali.

Sunan da ya yi ƙarya

A littattafan kimiyya sunan lalle *Lawsonia inermis*. Linniyus, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa a 1753, don karrama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotilan da ya taimaka da kuɗi aka buga littafinsa na farko kan tsarin halittu a 1735. Itacen da matan Audagust suka yi ɗaruruwan shekaru suna nomawa, sai ga shi da sunan mutumin da ya biya kuɗin ɗab'i. Haka sunayen kimiyya da yawa suke.

Rabin sunan na biyu ya fi ban dariya. *Inermis* a Latin na nufin "marar makami", wato marar ƙaya. Linniyus ya ɗauka lalle iri biyu ne, ya kira ɗaya marar ƙaya, ɗayan kuma *spinosa*, mai ƙaya. Daga baya aka gane itace ɗaya ne. Yana ƙarami rassansa sumul suke, in ya tsufa ko ya sha fari sai ƙarshen ƙananan rassan ya bushe ya yi tsini kamar ƙaya. Duk matar da ta taɓa zagar tsohon lalle da rani ta san wannan a yatsunta. Danginsa na kusa a cikin itatuwan da ka sani shi ne rumman.

A Arewa, wanda ya fara haɗa sunayen tsirranmu na Hausa da na kimiyya a littafi guda shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a lardunan Arewa yana tattara ganyaye. Ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa ya fito a 1916, babban littafinsa kan tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma kuma a 1937. Lalle na ciki.

Me ke sa shi kamu?

Ɗauki ɗanyen ganyen lalle ka ɗora a hannu, ka yini da shi, ba abin da zai faru. Rinin yana ɗaure ne a cikin ganyen, manne da wani nau'in sukari. Sai an daka, an kwaɓa da ruwa, an bar shi ya jiƙa, sannan ya kwance ya fito. Sinadarin da ke fitowa, wanda aka fara ware shi a 1920, an ba shi suna *lawsone* daga sunan tsiron, kuma bai fi kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyin busasshen ganye ba. Ruwan lemun tsami ko tsamiya da mata ke sawa yana taimaka masa ya daɗe bai lalace ba kafin ya hau fata.

Da ya hau, sai ya ƙulla da keratin, furotin ɗin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi. Ƙullin ba na wasa ba ne, sabulu ba ya kwance shi. Nan ne amsar tambayar da wataƙila ka taɓa yi: me ya sa tafin hannu da tafin ƙafa suka fi bayan hannu kamu? Saboda matacciyar fatar da ke samansu ta fi kauri nesa ba kusa ba, rinin yana samun hawa-hawan da zai shiga. Ranar da aka wanke, launin ruwan lemo ne. Cikin kwana biyu iska ta sa ya nuna ya koma ja mai duhu. Bayan mako biyu zuwa uku kuma ya tafi, ba don ya koɗe ba, sai don fatar da ya kama ta zube, sabuwa ta maye. A farce kuwa sai ya yi watanni, domin farcen hannu milimita uku kacal yake tsirowa a wata.

Riƙe wannan da kyau: launin lalle ja ne zuwa ruwan ƙasa, kuma yana bukatar sa'o'i. Iyayenmu sun san dabarar duhunta shi, su maimaita ƙunshi dare biyu ko uku, ko su bi shi da toka da gishirin lalle har ya yi kusan baƙi. Amma duk abin da aka zana maka da rana, cikin rabin sa'a ya fito baƙi wuluk, to ba ganyen nan ba ne.

Dayis

Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, mafi yawansa sinadarin PPD ne, wanda masana'antun Turai suka fara rina gashi da fatun dabbobi da shi a ƙarshen ƙarni na 19. A man rina gashi ana sa shi ne daidai gwargwado, da gargaɗin kada ya daɗe a fata. A zanen hannu kuwa kai tsaye ake ɗora shi, da ƙarfin da babu mai aunawa. Wasu sukan yi sau da yawa lafiya lau, shi ya sa ake raina maganar. Amma jiki yana riƙe shi a ƙwaƙwalwar garkuwarsa. Ranar da ya ƙi shi, sai zanen ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa daidai siffar fulawar da aka zana, wani lokaci ya bar tabo. Kuma wanda jikinsa ya ƙi PPD sau ɗaya, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada, ko baƙin rinin gashi ya shafa bayan shekara goma sai ya tashi. Ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya fi jan hankalinta a 2006.

In ya shiga ciki kuwa, abin ya wuce tabo. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 sakamakon gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu. Yana kumbura wuya da harshe har numfashi ya gagara, yana kuma lalata ƙoda. Saboda haka ƙullin dayis ba abin ajiyewa ba ne inda yaro zai kai hannu.

Kada kuma a ce na wanke lalle na gaskiya tas. Shi ma yana da wanda bai kamata ya taɓa ba. Akwai wani rashi na gado da ake kira G6PD, inda jajayen ƙwayoyin jini ba su da isasshiyar kariya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka fi samunsa, musamman ga maza. Ga jariri mai wannan rashi, sinadarin lalle da ya ratsa siririyar fatarsa na iya farfasa ƙwayoyin jininsa, ya yi shawara mai tsanani. An rubuta irin wannan a asibitocin Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, har da wanda ya rasu. Tunda yawancin jariranmu ba a gwada su, a bar lalle ga manya.

Rainonsa a ƙasar Zuru

A duniyar yau, garin Sojat a jihar Rajastan ta Indiya shi ne cibiyar noman lalle, har gwamnatin Indiya ta ba lallensa tambarin asali a 2021. A Sudan kuma ana ji da na Ad-Damar. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Muritaniya. Babu Najeriya, babu Nijar. Ni dai a ganina an bar babban reshe a waje, in aka dubi yadda kalmar ta yi jijiya tun daga Agadas har Ilori.

Abin da ya haɗa Sojat da Ad-Damar shi ne zafi da ƙarancin ruwa. Lalle ya fi tara rini in zafi ya kai digiri 35 zuwa 45, sanyi kuwa shi ne maƙiyinsa, ƙasa da digiri 5 yana kashe shi. Hunturunmu ba ya kai nan, sai dai ya sa shi zubar da wasu ganye ya yi tsit har bazara. Matsalar mai shuka a Zuru ta wani gefen take. Nan kudancin Kebbi ne, ruwan sama ya fi na Argungu da Birnin Kebbi yawa, yana kaiwa wajen milimita dubu a shekara, kuma marka ta Agusta takan jiƙe ƙasa sharkaf. Lalle ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Don haka kada ka kai shi fadama ko inda ruwan indararo ke taruwa. Nemi tudu, ƙasa mai tsakuwa ko jigawa, irin wadda dawa ma ke yi wa yanga, inda rana ke dukansa tun safe har yamma. A inuwar mangwaro zai yi manyan ganye kore shar, ka yi ta murna, ranar ƙunshi a ga bai kama ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce dasa reshe. Da ruwa ya zauna, a Yuni ko farkon Yuli, ka yanko reshen da ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon kamar taƙi ɗaya, ka zage ganyen ƙasa, ka binne rabinsa. Dasa fiye da yadda kake bukata, don ba duka ke kamawa ba, gara ma takan ci rabonta. In shinge kake so, ka jera su kusa-kusa. Iri ma yana fitowa, 'ya'yan suna cikin wani ɗan ƙwanso kamar ƙwayar wake, sai dai ɓawonsu na da tauri, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwan. Ranin farko ne kawai yake bukatar kulawa sosai: ban ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, da ɗan kariya daga awaki. Bayan nan saiwarsa ta yi nisa, ruwan alwala da na wanke-wanke marar omo sun ishe shi. Tunda ganye ake ɗiba a kai a kai, a ba shi ruɓaɓɓen taki a farkon kowace damina. Gonar lalle da aka kula da ita takan yi shekara goma sha biyu zuwa ashirin da biyar tana bayarwa. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin tun 2020, a harabar tsohuwar kwalejin aikin gona, gwada wane lokacin yanka ya fi ba da rini a yanayin Zuru aiki ne da ɗalibi zai iya yi da kuɗi kaɗan.

In ka yanka, ka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana ƙona launin ganyen, tana rage ƙarfinsa. Ka ajiye shi ganye, a daka lokacin bukata, domin gari ya fi saurin salancewa.

Sai batun fure, wanda muka faro da shi. Furen lalle a ƙarshen reshe yake fitowa, daidai inda wuƙa ke sauka in ana neman ganye. Shi ya sa mutum zai shekara ashirin da lalle a gida bai taɓa jin ƙamshinsa sosai ba, kullum ana datse shi kafin ya kai. Itace ɗaya ba zai ba ka duka biyun a cike ba. In kana da wuri, dasa biyu: ɗaya a bayan gida, a riƙa datse shi daidai gwiwa bayan kaka don ya tofo sababbin rassa masu ganye, ɗayan kuma kusa da taga ko inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, a cire masa busassun rassa kawai, a bar shi ya miƙe. Daga shekara ta biyu ko ta uku zai fara fure.